Daminar Gonar Dakta

Tabon tiyatar da ke cikina ya fi rediyo sanin zuwan ruwa. Tun kafin hadari ya haɗu zai fara ƙaiƙayi, in ce wa jikokina su kwashe shanya, su ɗaga kai su ga sama tas, su yi ta yi mini dariya. Kafin la'asar kuwa sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Bana marka ta kankama, masarar bayan gida ta yi goyo, har na ji wasu sun fara leƙa gonakin nesa da muka daɗe da bari. Jiya matar autana na fama da jiƙaƙƙen itace a murhu, hayaƙi ya cika tsakar gida babu wuta, sai warin nan ya ɗauke ni cak ya mayar da ni wata damina da ta wuce shekara goma, daminar da rashin lafiyata ta kusa hana ɗana aiki.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Tabanni. Baban yara, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona mai kyau a bakin daji, irin wadda ko ba taki masara ke yi. Ɗana na fari ba a hannuna ya tashi ba. Tun da aka yaye shi yayar babansa, Goggo Talatu, ta ɗauke shi ta kawo shi cikin garin Birnin Gwari, ita ta sa shi makaranta har ya yi difloma. Ni kuwa, kamar kowace uwa ta tsararmu, ba na kama sunan ɗan fari, ba na sa baki a maganarsa, ba na yabonsa a gaban mutane. “Na Goggo” nake ce masa. In ya zo ƙauye ya durƙusa ya gaishe ni, ina amsawa ne ina kallon tukunya. Amma in ya juya zai fita sai na bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Ana cikin wata damina ciwon ciki ya kayar da ni. Aka ɗauko ni a bayan babur zuwa gari, wani asibitin kuɗi, na wani mutum da kowa ke kira Dakta. Ya ce ƙari ne a mahaifa, in ba a cire ba ba zan ga kaka ba. Aka sayar da awakina da tsohon babur ɗin baban yara, kuɗin bai kai ba. Na Goggo ne ya tsaya ya ce a rubuta ragowar da sunansa, in an cire amfanin gona za a biya. Aka yi aiki, na tashi.

Sai dai ba mu cire amfanin gonar ba. Kafin masara ta bushe mutanen daji suka matsa wa ƙauyukanmu, muka fito da abin da kai zai iya ɗauka, muka bar ta a tsaye. Na dawo gidan Goggo da ƙananan yarana, ta ba mu ɗakin da take ajiye tarkace. Bashin ya kwana, ya shekara. Dakta bai taɓa aiko mana ba. In ya gan ni a hanya sai ya ce, “Inna, ya ƙarfin jiki?” Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har na daina bin layin asibitin, in za ni kasuwa sai in zagaya ta bayan masallaci.

Da bazara ta zo, na Goggo ya nemi aiki a wata hukumar tsaro. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna a wannan hanya da mota ba ta bi sai an taru an jira rakiya. Duk ranar da ya tafi ba na iya haɗiye abinci, amma in Goggo ta tambaye ni sai in ce zafi ne ya hana ni ci. Ya ci jarrabawa, ya yi gudu, likitocinsu suka duba shi. Ya dawo ya ce wa Goggo saura abu ɗaya, tantancewa: za a turo mutum ya binciki halinsa a unguwa. Goggo ta ce, “Su turo goma.”

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, ana ta shuka a 'yan filayen bakin gari, sai ga baƙo. Dogo ne siriri, da kaftani ruwan toka, ba kaki ba bindiga, yana riƙe da wata baƙar lema da ba ya rabuwa da ita ko ana rana. Kafin azahar matan unguwa sun raɗa masa Mai Lema. Ya fara da mai unguwa, ya je wajen liman, ya zauna a teburin mai shayi. Tambayoyinsa ba su da zafi. Da wa yaron ke yawo? Yana shaye-shaye? Yana shiga daji? Ana binsa bashi?

To, a unguwarmu babu wanda bai san da bashin asibitin nan ba. Amma wane ɗan halak ne zai tsaya gaban baƙo ya ce ana bin ɗan maƙwabcinsa kuɗi? Mai unguwa ya ce bai taɓa ji ba. Mai shayi ya ce yaron ko burodi ba ya ci bashi. Har Dakta da kansa, da aka je masa, cewa ya yi, “Babu komai tsakanina da gidan nan sai alheri.”

Da ya iso gidanmu Goggo ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni ina bayan ƙofa ina tsince rama.

Ya ce, “Mama, akwai wani bashi a kansa?”

Goggo ta gyara ɗaurin ɗankwali. “Bashi? Ɗan nan, dube ni da kyau. Ni na raine shi. Ko allura ba a binsa.”

“Mahaifiyarsa fa, tana nan?”

“Ga ta nan bayan ƙofa.”

Ya ɗaga murya ya gaishe ni, ya faɗi sunan yaron, ya ce me zan ce a kansa. Na ji kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Na ce, “Malam, ku tambayi goggonsa.” Ya ɗan jira ko zan ƙara, ban ƙara ba. Ya yi godiya, ya ce zai sake zagayowa kafin ya rufe bincikensa, ya buɗe lemarsa ya tafi.

Ranar Goggo har da rangaɗa guɗa a tsakar gida. Mun rufa wa ɗanmu asiri, unguwa kaf ta yi magana da baki ɗaya. Da yamma ya dawo daga ƙwadagon shuka, ƙafafunsa duk laka, ta tare shi da labari tun daga ƙofa. Ina kallonsa ta gefen ido. Ya ajiye fartanya a hankali, ya zauna a kan turmin da ke kife.

Ya ce, “Goggo, ai ni da bakina na gaya musu ana bina.”

“Ka gaya musu? Kai wane irin yaro ne?”

“A Kaduna sun tambaye ni, na faɗa. Suka ce bashin asibiti ba laifi ba ne, kowa na iya kwanciya. Abin da suke dubawa shi ne ko mutum na ɓoyewa, ko ya yi watsi da shi ba ya biya. Domin wanda bashi ya shaƙe, in ya shiga aiki ya san hanyar da motar jami'ai za ta bi, mutanen daji na iya sayen bakinsa.”

Goggo ta ce, “To ai yanzu an ce babu, ba shi ke nan ba?”

“Nan ne matsalar. Ni na ce akwai, mai bashin ya ce babu. In ba ƙarya na yi ba, ke nan an biya. To wa ya biya? Ni da ba ni da aiki, ga shi asalinmu ƙauyen bakin daji. Me kike jin za su ɗauka?”

A garin nan duk mun san abin da ake nufi in an ce yaro ya samu kuɗin da ba a san tushensu ba. Bai gaya mana ya faɗa musu ba ne don kada in ji cewa ciwona ya shiga maganar aikinsa. Ga shi na ji, na kuma ji a hanya mafi muni. Na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin katifa, na dafa tabon nan, na ji na tsane shi.

Goggo ba ta iya zama da baƙin ciki, sai ta mayar da shi aiki. Washegari ta yafa mayafi ta je wa Dakta. Ya riƙe baki, ya ce shi ya ɗauka taimako ya yi, in mutumin ya dawo zai faɗi gaskiya. Amma gaskiyar ita ma ba ta da daɗi, domin tun ranar da aka sallame ni ko kwabo ba mu kai ba. Goggo ta ce, “In an kawo maka masara za ka karɓa?” Ya ce zai karɓa a farashin kasuwa. Daga nan ta wuce gidan mai unguwa, ta tuna masa shi ya fara cewa bai taɓa ji ba. Kafin ta fito ya ba da aron wani filinsa da ke bakin rafi, wanda ciyawa ta cinye. Wani Bafulatani, Malam Buba, wanda shi ma aka kwashe masa shanu ya dawo gefen gari da 'yan ragowar, ya ce a zo a ɗebi kashin shanu, tunda takin zamani ya fi ƙarfinmu. Aka yi sharar gona, aka shuka a makare. Yara suka sa mata suna gonar Dakta, sunan ya bi ta.

Sai jira. Wannan damina ban taɓa ganin irinta ba. Garin ya cika da 'yan gudun hijira irinmu, rumbuna na can ƙauye an fasa ko an ƙone, tiyar masara kullum sai ta ƙara kuɗi. Da safe Goggo ke auna gari da gwangwanin madara, ta dama koko tsararo wanda kana iya ganin gindin kofi ta cikinsa. Da rana kwaɗon rama ne, ranar da aka samu ƙuli-ƙuli an yi sa'a. Rama ta ƙare muka koma tafasa, tafasa ta tsufa muka koma zogalen maƙwabta. Tuwo sai da dare, shi ma malmala ɗaya yara uku. Na lura na Goggo yana cin rabi ya tura wa ƙannensa ragowar ya ce ya ci a waje. Na san ƙarya ne, amma ba ni da bakin ce masa ya ci. Sai in ce wa ƙanwarsa, “Ki gaya wa yayanku an bar masa ƙanzo.”

Itace ya zama abin nema, tunda babu mai shiga daji. Muka ƙona kara, muka ƙona totuwa, har wani tsohon ƙyauren banɗaki. Kwanon ɗakinmu yana yoyo wuri uku, in ruwa ya tsuge sai mu jera kwanuka mu takure a lungu ɗaya. Tufafi ba sa bushewa, komai warin danshi, ga sauro. Duk da haka ana dariya a gidan. Goggo na da wani zakara da ta ƙi yankawa, wai sai ranar da aka kira ɗanta aiki. Zakaran ya rame kamar mu, yana yawo a tsakar gida duk a jiƙe, yara na ce masa ya yi addu'a kada a kira.

Kullum bayan asuba na Goggo ke tafiya gonar, ya yi nasa noman kafin ya wuce ƙwadago a ta wasu. Ni kuma in rana ta ɗaga sai in ce zan je tsinkar tafasa bakin rafi. Ba tafasa ke kai ni ba. Nakan tsaya daga nesa in dubi masarar, in ga ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, in dawo ban ce wa kowa komai ba. Mai Lema kuwa shiru, har muka fara tunanin ya riga ya rubuta abin da zai rubuta.

Da marka ta shigo ciyawa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ga masara na bukatar huɗa. Mai unguwa ya kira gayya. A al'ada mai gona ke ciyar da 'yan gayya, mu kuwa ba mu da abin ciyar da kanmu. Sai ga mata suna shigowa tun jajibiri, wannan da kofin gero, waccan da tsamiya a bakin zane, matar Malam Buba da 'yar ƙwaryar nono. Ba wadda ta ce ga dalili. Muka dama kunu babbar tukunya, ni da Goggo muka ɗauka zuwa gona.

Ana yayyafi tun safe, irin mai shiga ƙashi. Maza sun jera da garemani, liman ya naɗe wando har gwiwa, mai shayi ya rufe teburinsa ya zo. Laka na kama ƙafa, tururi na tashi daga bayan mutane. Ina zuba kunu a ƙarƙashin wata ɗorawa sai na hangi baƙar lema tana tahowa ta kan hanyar rafi.

An riga an yi shawara cewa in ya dawo gaskiya za a faɗa. Amma faɗa a zaure daban, faɗa a gaban mutumin hukuma da ka yi wa ƙarya daban. Ya yi sallama, ya yi musu sannu da aiki, ya ce, “Gonar wa ake yi wa gayya haka?”

Mai unguwa ya share goshi. “Ta Dakta ce, ranka ya daɗe.”

“Dakta na noma?”

“A'a, wato, ana dai yi masa.”

“Me ya sa?”

Mai shayi ya ce, “Ai mutumin kirki ne.”

Liman ya duƙa yana cire ciyawar da babu ita. Na dubi Goggo, Goggon da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, na ga ta kafa wa ludayi ido. Na Goggo yana can ƙarshen kunya ta bakin rafi, ya ba mu baya, bai ma san abin da ake ciki ba. Mai Lema ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ce to Allah ya ba da amfani. Ya juya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, “Malam.”

Ya waiwayo.

“Ni ce wadda ka tambaya a bayan ƙofa. Akwai bashi. Nawa ne, a cikina aka yi aikin.” Na dafa wurin ta kan mayafi. “Ba shi da ko sisi ya ce a rubuta sunansa don kada in mutu. Gonarmu muka bari a daji shi ya sa ba mu biya ba. Babu wanda ya biya mana, babu wanda ya ba shi komai. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne, asirinmu suka rufa. Wannan masarar da kake gani ita ce biyan.”

Ya ce, “Mama, wa kike nufi? Ina bukatar in ji daga bakinki wanda kike ba da shaida a kansa.”

Ya san abin da yake tambaya, Bahaushe ne. Na ga ya sunkuyar da kai yana faɗa. Duk garemani sun tsaya, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa a ganyen masara.

Na ce, “Haruna. Ɗana Haruna. Tun da na haife shi bai taɓa sa ni kuka ba, kuma ba zai sayar da kowa ba.”

Goggo ce ta fara motsi. Ta ce, “La ilaha illallahu, yau Hajara ta yi rashin kunya a bainar jama'a,” tana faɗa tana share ido da gefen zane. Sai mai unguwa ya samu baki, liman ma ya samu, kowa na son ya riga wani faɗin gaskiya. Mai Lema ya naɗe lemarsa, karo na farko da muka gan shi a fili ba ta bisa kansa, ya tsuguna a ƙarƙashin ɗorawar ya karɓi kunu. Ya ce da tun farko haka aka gaya masa da ya daɗe da gamawa. Bashin da aka sani, aka san dalilinsa, ana kuma biya, ba ya hana mutum aiki a wurinsu. Wanda ake ɓoyewa ne ke ba su tsoro. Ya ce zai sake bi ta wajen Dakta, in an kai masarar kuma a karɓi shaida a aika.

Masarar ba ta yi yadda muka so ba, an shuka a makare. Amma ta rage bashin sosai, Dakta ya rubuta cewa ana biya. Ana cikin sussuka aka kira na Goggo aiki. Zakaran Goggo ya shiga tukunya, naman tauri kamar igiya, muka cinye har ƙashi. Ragowar kuɗin da albashinsa ya ƙarasa, ni kuma na koma bin layin asibiti in za ni kasuwa.

Yanzu jikokina iyayensu na kiran 'ya'yan fari gatsal, har su ɗora su a cinya a gaban surukai, ba wanda ke cewa komai. Ni dai ban sake kama sunan ba tun ranar, na koma ce masa “na Goggo” abina. Shi ma bai taɓa ɗaga mini maganar ba, har na ɗauka bai ji ba, tunda yana can nesa kuma bai waiwayo ba.

Sai a ciwon ajalin Goggo, ina zaune ina yi mata fifita, ta ce, “Hajara, kin san ɗan nan ya ji ki ranar gayya?”

Na ce, “Ai bai juyo ba.”

Ta ce, “Na tambaye shi. Ya ce ya ji sarai. Wai tsoro ya ji in ya juyo kunya za ta kama ki ki yi shiru, shi kuma yana so ki ƙarasa. Sai ya yi ta huɗar kunya ɗaya, ya gama ya sake, har sai da ruwa ya wanke masa fuska.”